Sylvanus da Saiwoyin Vanda

A Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa, akwai wani dattijo mai suna Sylvanus wanda tun da yake bai taɓa buɗe baki ya ce "ban iya ba" ba. Ka ambaci gini, ya yi. Ka ambaci gyaran rediyo, shi ya koya wa masu gyaran. Shekara ashirin da biyu ya yi a sashen rini kafin a rufe masaƙar, kuma a faɗarsa duk atamfar da matan Kaduna suka ɗaura a wancan zamani hannunsa ne ya haɗa launinta. Abokan aikinsa dai sun ce kurar yadi yake turawa daga wannan ƙofa zuwa waccan, amma ba sa faɗa a gabansa, don babu mai awa uku na zaman jin amsa.

Abu ɗaya ne Sylvanus yake taƙama da shi wanda ba ƙarya a ciki, wato 'yarsa Debby, ma'aikaciyar jinya. Debby ta daidaita da wani saurayi mai hankali, Nathan. Matsalar uwar Nathan ce, Madam Vicky ta Barnawa, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, wadda har yanzu ta saman tabarau take kallon mutane. Ba ta ce ta ƙi auren ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Debby in ta ji muryarta a waya sai ta miƙe tsaye.

Saura mako uku dangin Nathan su zo neman aure, sai ga motar Madam a ƙofar gida. Legas za ta, zaman jegon 'yarta. Ta fito riƙe da wani abu da Sylvanus bai taɓa gani ba: tsiro ne a cikin ɗan kwandon katako, ganyensa jere hagu da dama, babu ko ƙwayar ƙasa a tare da shi. Saiwoyinsa masu kaurin fensir, farare kamar furfura, suna lilo a iska har kusan gwiwarta.

"Sunansa vanda, furen ado ne dangin okid," ta ce da Debby. "Marigayi baban Nathan ya kawo mini shi, shekara goma sha huɗu ke nan. Ba ya son ƙasa. Iska yake so da haske, amma ban da ranar tsaka. Kullum da safe ki jiƙa saiwoyin har su juya daga fari su koma kore. In sun yi kore, ya ƙoshi. Saiwar nan ita ce bakinsa, ita ce cikinsa. Kar a taɓa ta."

"To, Mama."

"Talatin da ɗaya ce. Na ƙirga. Ranar da za mu zo zan karɓi abina, kuma yadda na same shi, daga nan zan san irin hannun da zan bar ɗana a ciki."

Sylvanus ya gyara murya. "Madam, kin kawo shi gidan da ya dace. Ni jikan manoman citta ne daga Kachia. Kakana in ya yi wa gona tari, sai ta tsiro."

Madam ta dube shi ta saman tabarau. "Debby na ba wa," ta ce, ta shiga mota.

Kwana biyu Debby ta yi tana lallaɓa furen kamar jariri, sai asibiti ya tura ta Kafanchan riƙon aikin wata da ta haihu, kuma sai jajibirin neman aure za ta dawo. Har da hawayenta ta damƙa wa uwarta Rebecca amanar. To amma Rebecca hatsi take sayarwa a kasuwa, gari na wayewa take fita, sai rana ta faɗi take dawowa. Kafin ta gama cewa "bari in ga yadda zan yi", Sylvanus ya riga ya ɗauke kwandon ya rataye a reshen mangwaron ƙofar gida, inda yake zaman dara.

"Baban Debby, ruwa kawai aka ce."

"Ke je ki auna masararki. Wannan aikin masana ne."

A ranar ya gama tsara arzikinsa. Tsiro ne da ba ya neman fili, ke nan mutum zai iya noma a kan igiyar shanya. Kafin Madam ta dawo zai mai da ɗaya ya zama goma. A shekara ya cika layinsu da igiyoyi, otal-otal na Barnawa su riƙa bin layi, a kira shi Sarkin Noman Sama. Har ya fara tunanin irin hular da zai sa.

Kada ku ɗauka ya binne saiwoyin a ƙasa, Sylvanus bai kai nan a wauta ba. Ƙasar ya kai musu. Ya cika tsohuwar safa da ƙasar bayan gida da kashin kaji, ya rataye kusa da kwandon, wai ko furen zai canza ra'ayi. Furen bai canza ba, amma ƙudajen Kakuri kaf sun samu labari. Kwana biyu ba wanda ya iya cin abinci a layin, sai da matan unguwa suka yi masa ca ya kwance safar.

Da la'asar abokin dararsa ya zo, Malam Zakariyya'u, wanda suka yi aikin masaƙa tare, yanzu kuma yana ɗinkin kujerun kushin a Makera. Ya tsaya ya daɗe yana kallon abin da ke lilo.

"Oga Silba, wannan kauci ne ka sauko da shi daga bishiya?"

Kauci dai kowa ya san shi, tsiron nan da ke fitowa a jikin wata bishiya bai taɓa ƙasa ba, wanda masu maganin gargajiya ke hawa sama nemansa. Da Sylvanus ya ce a'a, furen ado ne na surukar 'yarsa, da magana ta mutu a nan. To amma mutum shida ne a tsaye suna jiran amsa, kuma Sylvanus bai taɓa iya ganin kunnuwa goma sha biyu a buɗe ya bar su haka ba.

"Kauci?" ya ce. "Wannan uban kauci ne. Daga can ƙasashen Asiya aka zo da shi a jirgi. Kauci ai yana jingina da bishiya. Wannan da iska kaɗai yake jingina. Shekara goma sha huɗu bai taɓa ƙasa ba."

"To maganin me yake yi?" in ji Albert mai keke napep.

"Ka yi tunani mana. Abin da bai taɓa faɗuwa ƙasa ba, me zai hana?"

"Faɗuwa?"

"Ka ga ka fi malaman jami'a. Faɗuwa kowace iri. Ta gwiwa, ta babur, ta jarrabawa."

Zakariyya'u ya zauna yana jera 'ya'yan dara. "Allah ya sa ya hana faɗuwar baki," ya ce.

Maman Joy, maƙwabciyarsu mai tuyar ƙosai, ta shekara biyar tana fama da gwiwa. Ta matso ta ɗan rusuna. "Baban Debby, ko ɗan ƙanƙani ne, saboda Allah." Sylvanus ya tuna gargaɗin Madam, ya kuma dubi idanun da ke kansa. Ya ce a ransa, ɗan kan saiwa ɗaya cikin talatin da ɗaya, ai ko aski ya fi haka. Ya ɗauko reza ya yanko kamar gaɓar yatsa, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce ta jiƙa a ruwan ɗumi.

Ko me ya faru a gwiwar Maman Joy, Allah kaɗai ya sani. Abin da kowa ya gani shi ne, ranar Lahadi da Zumuntar Mata suka tashi waƙa a coci, ita ce a gaba, tana juyi har ɗankwalinta ya faɗi. Da aka tambaye ta, ta nuna Sylvanus da yatsa. Daga bakin ƙofar coci aka fara kiransa Dokta, kuma sunan ya shige shi har ƙashi.

Litinin da safe mutum huɗu ya tarar a gindin mangwaro. Talata goma sha ɗaya. Albert ya karɓi nasa ya naɗe a leda ya ɗaure a madubin keke. Wata ta zo wa ɗanta mai rubuta jarrabawa karo na uku. Wani mai gyaran rufin kwano ya taso tun daga Kudenda. Wani ɗan takarar kansila ya aiko direbansa a ɓoye, ya ce a ba shi mai tsawo. Sylvanus bai karɓi ko sisi ba, don shi ba kuɗi yake so ba, "Dokta" yake so. Kowa ya ce "Dokta, ɗan kaɗan", sai reza ta yi aiki. Ya samo farar riga mai aljihu, ya soke biro uku a ciki.

"Oga Silba," in ji Zakariyya'u ranar Laraba, "gemun abin nan fa yana ja da baya."

"Kaciya nake masa. Citta ma sai an rage ta take yin ƙwari."

"Ka taɓa noman citta?"

"Kakana ya yi."

"Nawa kakan ya yi yaƙi a kan doki, amma ni akuya ma tsoronta nake."

Da yamma, kafin Rebecca ta dawo, sai ya lulluɓe furen da tsohon zane, ya ce mata sauro ke damunsa. Debby kuwa kullum sai ta bugo waya ta ce a turo hoto, shi kuma sai ya hau kujera ya ɗauko daga sama, ganye zalla.

"Dadi, ban ga saiwoyin ba."

"Suna nan ƙasa, suna hutawa."

Ranar Lahadi Rebecca ba ta zuwa kasuwa. Ta fito da safe za ta wanke zanen nan, ta yaye shi. Ta tsaya. Saiwa huɗu ce ta rage, su ma gajeru, sauran duk guntaye ne kamar an yi wa tsintsiya aski. Ta ajiye bokiti a hankali, kuma duk wanda ya san Rebecca ya san gara ta jefar da shi.

"Baban Debby. Fito."

Ya fito da biro uku a aljihu.

"Ina saiwoyin mutane?"

"Suna aiki a cikin al'umma."

"Ashirin da bakwai?"

"Ke ba ki ga rawar Maman Joy ba?"

"Zan ga taka rawar ranar Asabar. Yarinyar nan shekara uku tana jiran matar nan ta yi mata murmushi sau ɗaya. Amana ɗaya aka ba ta, ka raba wa unguwa kamar goron suna." Ta nuna masa wayarsa. "Ɗauki waya ka kira Madam ka faɗa mata gaskiya."

A nan Sylvanus ya tsorata, don duk surutunsa yana son 'yarsa fiye da bakinsa. Amma kiran Madam yana nufin ya ce ya yi kuskure, kuma harshensa bai san hanyar wannan kalma ba. Ya kalli guntayen, ya kalli igiyar shanya, sai fuskarsa ta washe.

"Ba ni kwana biyar. Kin manta wanda kike aure? Shekara ashirin da biyu a rini."

Ya nufi Makera, shagon Zakariyya'u, ya ce a ba shi farar igiyar audugar nan da ake sa wa a bakin kushin, mai kaurin fensir.

"Kujera za ka ɗinka?"

"Saiwa."

Zakariyya'u ya ajiye almakashi. "Oga Silba, shekara talatin muna tare. Ka je ka ba matar nan haƙuri."

"Auno mini yadi arba'in."

"Zan auna, amma in an tambaye ni, zan ce igiyata ce. Ni ba na ƙarya da tsufana."

Gaskiya dai dabarar ba ta rasa basira ba, abin da ya sa ta fi haɗari ke nan. Sylvanus ya san Madam za ta jiƙa saiwoyin ta ga ko za su yi kore. Sai ya sayo garin rini kore, ya warware igiya, ya barbaɗa ɗan tsunkule a cikinta, ya murɗe ta ta koma, ya birkiɗa ta a sitacin rogo da garin alli, ya shanya. Da ta bushe sai ga ta fara, ta yi ƙarfi, har da ɗan lanƙwasa irin na saiwa. Ya kira Rebecca ya ɗiga mata ruwa. A hankali farin ya juya ya zama kore.

Rebecca ta san ƙarya ce, ta kuma san ƙarshen ƙarya. Amma ta tuna kukan da Debby za ta yi, sai tsoro ya rufe mata baki. "Ni ban gani ba," ta ce, ta koma ɗaki.

Da Sylvanus ya tsaya a kan ɗan tsunkule, wa ya sani. Amma ya zauna ya yi lissafi irin nasa: in ɗan tsunkule ya ba da wannan kore, to cokali fa? In cokali ya yi, ina ga kofi? Ƙunshi shida ya juye. Ya kuma ga bai dace a mayar wa Madam talatin da ɗaya kamar yadda ta kawo ba, dole ta ga ci gaba. Ya yi arba'in, kowace ta fi ta asali tsawo. Bai ɗaure su ba, don ƙulli zai nuna. Da sitaci ya manna su a gindin kwandon ɗaya bayan ɗaya, ya ja da baya yana yi wa kansa kirari. Saiwoyin gaskiya huɗun nan kuwa, da cokalin shayi yake ba su ruwa kowace safiya, don kada ɗigo ya taɓa na auduga.

Debby ta dawo Juma'a da magariba, ko jaka ba ta ajiye ba ta ɗaga zanen. Ta ga farare suna lilo har ƙasa da gwiwa. Ta rungume ubanta.

"Dadi, na yi ta zarginka a raina. Ka yafe mini."

"Ba komai, 'yata," ya ce, yana kallon wani wuri. Da safe ta ɗauko ruwa, ya tare ta. "Na riga na ba shi. Je ki shirya, baƙi na hanya."

Asabar ta yi kyau. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, kawunnan Debby sun iso daga Kachia, fasto ya zo, unguwa ta cika har kan katanga. Zakariyya'u ya zaɓi kujerar da ta fi nisa da mangwaro. Rebecca ta ɗaura atamfa koriya shar, ta zauna kusa da shi. Sylvanus da kansa ya fito da babbar kujerar falo ya ajiye daidai ƙarƙashin furen, ya ce nan ne wurin Madam, don ta zauna a inuwar abinta.

Madam Vicky ta iso cikin farin leshi tun daga ɗaurin kai har takalmi, Nathan da dangi na biye. Aka yi addu'a, aka gaisa. Kafin kawun Nathan ya buɗe bakin abin da ya kawo su, ta ɗaga hannu.

"Tukuna. In ga amanata."

Ta ɗaga kai daga inda take zaune, leɓenta na motsi.

"Arba'in da huɗu," ta ce. "A mako uku? Ni saiwa uku nake samu a shekara, in Allah ya taimaka."

Sylvanus ya miƙe ya gyara babbar riga. "Madam, hannu ne. Wani hannun in ya taɓa abu, sai abin ya ji kunyar zama yadda yake. Debby ta fara, ni na ɗora da ilimin gado."

Madam ta buɗe jaka ta fito da 'yar kwalbar feshi, ta miƙa hannu ta fesa sau uku. Kowa ya zuba ido. Sai ga kore yana fitowa a hankali a jikin farin, gwanin kyau. Jama'a suka ɗauki tafi. Debby, da ke tsaye a bakin ƙofa cikin kwalliya, ta sauke ajiyar zuciya. Har Madam ta fara wani abu da ya yi kama da murmushi.

A nan ya kamata Sylvanus ya zauna. Rebecca tana yi masa alama da ido, Zakariyya'u yana yi masa da hula. Amma tafin ya riga ya hau masa kai, kuma ya lura na kan katanga suna miƙa wuya ba su gani sosai.

"Wannan feshin ai wasa ne," ya ce. "Bari na baya ma su shaida."

Ya sunkuci bokitin wanke hannu, ya taka kujera, ya juye shi kaf a kan kwandon.

Ƙunshi shida na rini suka farka lokaci ɗaya. Abin da ya sauko ba ɗigo ba ne, ruwa ne kore kamar miyar kuka, ya sauka a ɗaurin kan Madam, ya bi tabarau, ya gangara kafaɗa, ya taru a cinya. Sitaci ya jiƙe ya saki. Saiwa ta farko ta faɗo mata a kafaɗa. Ta biyu ta rataye a kunnen tabarau. Sauran suka biyo baya gaba ɗaya, suka zube mata a jiki kamar an kife tukunyar taliya.

Ba wanda ya yi motsi, sai Maman Joy. Ita ba rini ta gani ba, magani ta ga yana zuba a banza.

"Dokta, ashe akwai saura ka ce mana ya ƙare?" Ta yi tsalle ta fara tsincewa daga cinyar Madam. Albert ya rufa mata baya, mai rufin kwano ya diro daga katanga. Kan ka ce me, mutum takwas na kokawa a gaban uwar ango, kowa hannunsa kore.

"Me kuke yi?" in ji Madam, da muryar da ta shekara talatin tana tsayar da 'yan mata dubu a filin makaranta. Duk suka daskare.

"Maganin gwiwa ne, Ma," in ji Maman Joy. "Wanda Dokta ya yanka mini kwanakin baya ya ƙare."

"Ya yanka miki."

"Ni ma, Ma," in ji Albert. "Nawa yana madubin keke. Tun da na ɗaura sau ɗaya kawai na faɗi."

Madam ta zare wadda ke rataye a tabaranta, ta murza, ta warware ta zare uku. "Wannan kuma mene ne?"

Daga can nesa Zakariyya'u ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Igiyar kushin ce, Madam. Tawa ce. Mai kyau ce, ba ta tsinkewa."

Wani ya fashe da dariya a kan katanga, ta bazu har cikin rumfa, kawunnan Kachia suna rufe baki da hula. Madam ba ta yi dariya ba. Ta miƙe, kore na ɗiga daga haɓarta, ta sauke kwandon da hannunta, ta juya shi tana duba guntayen ɗaya bayan ɗaya. Tana shafa kowane guntu da yatsa a hankali. Da mutane suka ga haka sai dariyar ta mutu, don kowa ya tuna wanda ya ba ta furen.

Debby ta ratso jama'a ta durƙusa a cikin ruwan rinin, da sabon leshinta.

"Mama, ni kika ba wa. Da na ga zan yi tafiya, kamata ya yi in kira ki in faɗa miki, sai na ji tsoro. Laifina ne. Duk abin da kika yanke, na karɓa."

Sylvanus yana tsaye a kan kujera da bokiti a hannu. Ya ga 'yarsa a durƙushe tana ɗaukar kayan da shi ya ɗaura, kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya sauko. Bakinsa ya buɗe ya rufe sau biyu.

"Madam, yarinyar nan ba ta nan. Ni na yanka, ni na manna. Ban taɓa ganin irin wannan fure ba sai a hannunki." Ya ajiye bokitin. "Ban iya ba."

Rebecca ta dafe ƙirji. Zakariyya'u ya miƙe tsaye.

"Oga Silba, na baya ba su ji ba."

"Na ce ban iya ba."

"Rinin fa?"

"Kura nake turawa, Zakariyya'u. Zauna."

Madam ta ɗaga kwandon zuwa haske. Saiwoyi huɗun nan na gaskiya sun sha ruwa, sun yi nasu koren mai laushi, wanda bai yi kama da na kanti ba. A jikin karan kuma, ƙasa da ganyen farko, wani ɗan kai kamar ƙwayar shinkafa ya fara ɓullowa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Zai rayu," ta ce. "Zai yi shekara biyu bai yi fure ba, amma zai rayu." Ta juya ga Debby. "Shekararki nawa?"

"Ashirin da shida, Mama."

"Duk a gidan nan?"

"E, Mama."

"Furena mako uku ya yi a hannun mutumin nan, ga abin da ya rage. Ke kin yi shekara ashirin da shida, kin fito da hankalinki da gaskiyarki, ba abin da ya guntule. Tashi, 'yata." Ta kamo hannunta ta ɗaga ta, ta miƙa mata kwandon. "Riƙe. Tare za mu yi jinyarsa." Sannan ta dubi kawun Nathan. "Ku yi abin da ya kawo mu, ku sa rana kusa. A fitar da yarinyar nan daga gidan nan kafin wani ya zo neman maganin gwiwa."

Aka yi guɗa, aka nemi aure, aka bayar, Madam na zaune koriya shar kamar ita da Rebecca anko suka yi. Rinin kuwa, a faɗi gaskiya, mai kyau ne. Kwana tara Madam ba ta fita ko coci ba, hannun Sylvanus kuma ya yi wata guda yana kore, har ya fara gaya wa mutane cewa a tarihin masaƙa ba a taɓa haɗa launin da ya kama haka ba.

Ranar biki Madam Vicky da kanta ta tsara ado. Kowane tebur ta sa masa furanni masu rai daga lambunta, ban da teburin uban amarya, wanda ta sa wa na roba. Sylvanus bai lura ba. Ana cikin yanka kek Zakariyya'u ya hango shi ya karkata yana tsiyaya musu ruwan gora a hankali, yana yi wa Albert bayani.

"Sirrin irin wannan," yake cewa, "kar ka taɓa saiwar."